Ranar da Zulkifilu Ya Sa wa Kansa Sitati

A Ƙofar Rini, in ka wuce mai niƙa ka karya kwana, akwai wata rumfa da huluna ke shan rana a gabanta, kowace an kafa ta a kan gungumen itace, jere reras kamar mutane sun zo ɗaurin aure sun manta jikinsu a gida. Rumfar Zulkifilu ce, mai wankin hula. Shi dai ba ya son a kira shi haka. Ya fi son a ce Injiniya, sunan da ya raɗa wa kansa, kuma duk faɗin Sakkwato ba mai kiransa da shi sai in za a yi masa ba'a.

Abu biyu yake taƙama da su a duniya. Na farko sumarsa, wadda ya shekara biyu yana tarawa, yana ba ta mai safe da yamma, yana tajewa har ta yi tsiri kamar kan giginya. Na biyu huluna. Kowa ya san Zulkifilu ba ya maimaita hula a mako. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ko guda ɗaya ba tasa ba ce. Duk hular da aka kawo wanki, in ta bushe ta ɗauki sitati, shi ke fara ɗana ta. Ya kafa ta a gaban goshi ya tafi zance unguwar Gidan Dare wurin budurwarsa Wasila, washegari ya ɗan bi ta da buroshi ya miƙa wa mai ita. In amininsa Bashar tela ya yi masa magana, sai ya ce, "Gwaji na nika yi. Injiniya ba shi ba da aiki bai gwada ba."

To, a cikin gwaje-gwajen nan ne wata hula ta zo masa da baƙi.

Abin ya fara da ɗan motsi a bayan kunne. Ya ce zufa ce. Ya koma ƙaiƙayi a tsakar ka. Ya ce sabon mai ne bai karɓe shi ba. Kafin mako uku, Zulkifilu ya zama ba ya iya gama gaisuwa da mutum sai hannunsa ya yi tafiya sama. Ga shi kuwa ranar Asabar mai zuwa ce Alhaji Attahiru, mahaifin Wasila, ya sa masa ya zo gaisuwa. A ranar ne za a dube shi a auna shi, a ce ya turo manyansa ko kuwa ya nemi wata ƙofar.

Ranar Lahadi da hantsi yayarsa Atika, wadda gidanta ke bayan rumfar, ta kawo masa fura ta tarar da shi yana sosa kai da ƙotar buroshi, ido a lumshe.

"Zulki, mi ka cin ka?"

"Tunani na, Yaya. Kai mai aiki da yawa shi kan yi zahi."

Atika ta ajiye kwano, ta damƙo sumar ta buɗa. Ta tsinko wani abu ta ɗora tsakanin faratanta biyu. Ƙas!

"Ga tunani guda na kashe. Ga wani can shina gudu. Innalillahi! Dubi ƙwai manne ga gashi kamar an watsa riɗi. Ƙwarƙwata ta, Zulki, har da jikokinta."

"Yi a hankali, Yaya, mutane na wucewa!"

"Tashi ka tai wurin wanzami shi kwashe wagga ciyawa. In ba ka so, ga magani kemis, ka sa yau ka sake bayan sati, don ƙwan ba shi mutuwa da na hwarko. Ka taje da ƙaramin mataji, ka tafasa ruwa ka zuba ma matashin kanka. Shi ke nan."

Zulkifilu ya dube ta kamar ta ce ya yanke hannu. Aski? Kwana shida kafin gaisuwa? Shi a lissafinsa, kashi uku cikin huɗu na son da Wasila ke yi masa na sumar nan ne. Kemis kuwa na surukin mai niƙa ne; in ya shiga da safe, kafin azahar an ji labari har ƙauyen Kwalkwalawa.

"Yaya, ke ba ki san ni ba. Ni da nika hidda dattin shekara ukku ga hula, ɗan ƙwaron da bai kai ƙwayar gero ba zai gagare ni? Da kaina zan haɗa magani. In na gama, sai an zo daga Kano ana layi."

"Allah shi sawwaƙe," in ji Atika, ta ɗauke kwanonta da furar a ciki.

Da la'asar sakaliya ya kafa wata hula zanna mai ruwan goro ta wani malamin makaranta, ya tafi zance. Wasila ta fito ta shimfiɗa masa tabarma a zaure, ta zauna nesa kaɗan tana wasa da bakin mayafinta. Yarinya ce marar yawan magana, amma in ta ɗago ido ta dubi mutum sai ya ji kamar an ba shi ruwan randa. Yau kuwa ta ɗaure ɗankwali tamau, fuskarta ba walwala.

"Gidanmu ba lahiya," ta ce a hankali. "Ƙwarƙwata ta shigo muna. Sau biyu muna tsehe kitso, dut gidan. Mu sa magani ta tahi, bayan kwana kaɗan ta dawo. Hatta Baba, shina cikin awon gero kasuwa sai shi aje mudu shi sosa. Hajiya ta yi hwaɗa da mai kitso, ta yi hwaɗa da maƙwabta. Ta rantse in ta gano wanda yak kawo ta, ko wane na, ba shi ƙara taka zauren ga."

Hajiya Dijatu ita ce kakar Wasila, uwar Alhaji, kuma a gidan nan in ta rantse an gama.

Nan take Zulkifilu ya gane ta inda ta shiga gidan, domin hulunan Alhaji Attahiru duk mako a rumfarsa suke kwana. Mai hankali da shiru zai yi. Amma bakin Zulkifilu kullum yana riga hankalinsa fita.

"Ƙwarƙwata? Wanga ɗan abu ya tada muku hankali? Ai da kin hwaɗa mini tun hwarko. Akwai wani magani da ni ɗai nis san haɗinai. Shafawa guda. Ki ce ma Hajiya ran Asabar zan zo da shi, ta sha kuruminta."

"Da gaske?"

"Ni na taɓa yi miki wasa?"

Wasila ta dube shi. "To mi ya sami hannuwanka kaz zauna bisansu?"

"Ladabi nika koyo, saboda Asabar."

Litinin ya fara aiki. Ya yi nazari ya ga sauro na gudun hayaƙi, ƙwarƙwata kuwa ƙanwar sauro ce da Allah bai ba fiffike ba. Ya samo kasko da garwashi ya shiga tsakar gidan Atika lokacin da ta tafi unguwa. Ya zuba ganyen dogonyaro da ɓawon lemu. Ya ga hayaƙin ya yi masa sanyin hali, sai ya ƙara da cikin hannu biyu na busasshen barkono, ya durƙusa a kan kaskon ya lulluɓa da bargo.

Ba a yi minti biyu ba unguwa ta ɗauki tari. Mai niƙa ya kashe inji ya fito yana hawaye. Matan gida uku suka yo waje da goyo suna atishawa suna salati. Ragon mijin Atika ya tsinke igiya ya haura ta kan turmi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ga bargo yana hayaƙi yana birgima, ta kwarara ihu, "Wuta gidan Atika!" Bokiti huɗu aka juye a kansa kafin a gane mutum ne a ciki.

Ya fito ido jawur kamar gauta, majina har haɓa.

"Kai, mi kaka yi haka?" in ji mai niƙa.

"Turaren... turaren sanyi na. Na mura."

"Murar ta hita?"

"Tana hita," in ji Zulkifilu. Wannan kam bai yi ƙarya ba.

Bashar ya ja shi gefe. "To, sun mutu?"

"Sun galabaita. Ina jin su suna tari."

Da magariba suka warware, suka rama.

Laraba ya sake dabara. Ya ce tunda hayaƙi bai kai musu har ɗaka ba, sai a toshe musu numfashi. Ya kwaɓa manja da man shanu da dakakkiyar tafarnuwa, ya ɗiga turare don mutunci, ya lafta wa kai, ya ɗaure da baƙar leda, ya ɗora rawani a sama. Bayan azahar ya jingina da ginshiƙin rumfa don maganin ya ratsa, barci ya sace shi. Ranar bazarar Sakkwato kuwa ba ta jiran kowa. Manja ya narke ya sulalo ta ƙarƙashin leda, ya bi goshi, ya bi kumatu, ya jiƙe wuyan riga jawur. Wata mai tallan ƙosai ta zo wucewa ta ga mutum a langaɓe, baki buɗe, ja na ɗiga daga kansa. Ta saki tire.

"Wayyo jama'a! An sare Zulkihilu!"

Kafin ya buɗe ido an cika rumfar. Wani ya tare ɗan kabu-kabu da babur ɗinsa, wasu biyu sun kama shi hannu da ƙafa za su ɗora. Wani dattijo ya sunkuya zai yi masa addu'a, ya shaƙa, ya ja da baya.

"Ku dakata. Wanga jini, da tafarnuwa anka soya shi?"

Zulkifilu ya farka yana shure-shure, ba don mutanen ba, sai don cinnaku da suka yi layi daga ƙasa har cikin rawani. Ya fizge rawani da leda yana tsalle yana marin kansa.

"Gyaran suma na! Na zamani! Ku ba ku waye ba!"

"In anka ƙara gishiri da albasa sai a kawo tuwo," in ji dattijon. Jama'a suka watse suna dariya, kuma in ka lura, rabin mazan suna tafe suna cusa yatsa ƙarƙashin hula.

Alhamis da safe Atika ta kama shi a bayan rumfa da kwalbar fiya-fiya, maganin sauro, yana ƙoƙarin buɗewa. Ta fizge kwalbar ta ɗauke shi da mari a ƙeya.

"Wagga kam ba wasa ta ba. Guba ta! Ɗiyar maƙwabciyarmu haka anka zuba mata da kananzir, kwana tara tana asibiti, hatar kai ta saɓule. Kana son Asabar ta iske ka kwance? Ka tai wurin wanzami, Zulki!"

"Yaya, suma ta shekara biyu..."

"Ta ƙwarƙwata ta yanzu. Kai haya kaka yi."

Juma'a ta zo ba magani, ga alkawari ya ɗauka. Yana zaune gaban rumfa ya yi tagumi da hannu ɗaya, ɗayan yana aikin da ya saba, sai idonsa ya faɗa kan robar sitati. Wani ƙuda ya faɗa ciki yana ta mutsu-mutsu ya kasa fita. Zulkifilu ya miƙe zumbur har ya ture gungume biyu.

"Bashar! Bashar! Na gano!"

Bashar ya leƙo daga shagonsa da awo a wuya.

"Mine na kai? Kai ba gungume na ba mai gashi? Mi ka sa hula ta tsaya cak ba ta motsi? Sitati! In na kafe suma da sitati, kowace ƙwarƙwata inda take nan za ta daskare. Ba tahiya, ba cizo. Sana'ata na hannuna nike ta yawon neman na wasu!"

"In ta daskare, bakinta ma daskarewa zai yi?"

"Kai tela na, Bashar. Ka tsaya ga zare."

Asabar da azahar ya dama sitati mai kauri, irin wanda yake yi wa hular ango. Ya wanke kai da sabulun wanki da buroshi, ya lafta sitatin har gindin gashi, ya zauna a layin gumagumai cikin rana don ya ɗan sha iska. Wani da ya zo karɓar hula sai da ya ƙirga kawunan sau biyu. Sauran sitatin kuma ya ɗura a gora, ya ɗiga turare da shuɗin bula, ya ɗaure bakin da ƙyalle: maganin Hajiya ke nan.

Sai ga matsala. Suma ta sha sitati ta kumbura. Ya gwada zanna, ta tsaya a sama kamar murfin tukunya. Ya gwada damanga, ta ƙi. Ya bi hulunan rumfar ɗaya bayan ɗaya, guda ɗaya tak ta shiga, wata babba mai ruwan toka da zanen zinariya.

Bashar ya zaro ido. "Zulki, wagga ta Alhaji Attahiru ta."

"Alhaji na da hula ta hi talatin. Kana tsammani ya san su da suna? Irinta nawa a kasuwa?"

"Gidan mutum za ka, da hular mutum, neman ɗiyar mutum."

"Shi ya sa za ta dace da wurin. Tashi mu tai."

Ya danna ta a kan ɗanyen sitati har ta zauna daram. Suka hau babur cikin rana. Kafin su isa Gidan Dare, hula da suma sun zama abu guda.

Alhaji Attahiru yana zaure da ƙannensa biyu da limamin unguwa da wasu maƙwabta. Samarin suka tuɓe takalma tun daga waje, suka durƙusa suka kwashi gaisuwa, suka zauna a gefen tabarma kai a sunkuye, kamar yadda ake yi gaban surukai: ba ɗaga ido, ba yawan motsi, balle a kai hannu a ka.

A nan Zulkifilu ya gane sitati bai daskarar da kowa ba. Rufi ya yi musu. Zufa ta tsattsafo a ƙarƙashi, wuri ya yi ɗumi, baƙinsa suka fito kamar ranar kasuwa. Ya cije leɓe. Ya ɗaga gira ya sauke don fatar kai ta motsa. Ya motsa kunnuwa. Ya ja da baya a hankali ya fara goga ƙeya da bango, sai hular ta ba da wani sauti, ƙarar-ƙarar, kamar ana kankare ƙanzo.

"Yaro, lahiya?" in ji Alhaji.

"Kunya ta, Baba," in ji Bashar da sauri. "Haka take kama shi."

Alhaji ya gyaɗa kai, ya cusa yatsa ƙarƙashin tasa hular ya ɗan sosa, idonsa kuwa bai bar kan Zulkifilu ba. Ya tambayi asali, ya tambayi sana'a. Nan bakin ya samu hanya.

"Allah shi ƙara girma, ai rabin kawunan manyan garin ga ta hannuna suka biya. Tsabta kuwa, Baba, ko ƙuda ba shi sauka rumfata sai ya yi sallama."

Ana haka sai aka ji takun sanda. Hajiya Dijatu ba ta jira an shigo gaishe ta ba. Ta ɗaga labule ta fito, mata da 'yanmata na leƙe a bayanta. Al'ada ce, saurayin jika mijin kaka ne na wasa. Takan tsokane shi, ta ƙwace masa hula, ba ta mayarwa sai ya fanshe ta da goro.

"Ina angon nawa? Kai na mai maganin? Ɗago in gan ka. Af, ba laihi. To ba ni hular ga tukuna, sai ka biya."

Ta kai hannu ta ja. Hula ba ta zo ba, kai ne ya biyo. Ta sake ja, Zulkifilu ya taho da rarrafe.

"Sakam mini, marowaci!"

"Wallahi ban riƙe ba, Hajiya."

"To wa ya riƙe? Aljani?"

Ta ba wata jika sandarta, ta kama da hannu biyu, ta taka gefen tabarma. Ta ja gabas ya bi ta gabas, ta ja yamma ya bi ta yamma. Liman ya ce a yi a hankali. Matan bayan labule sun fara shiɗewa da dariya. Hajiya ta ƙwanƙwasa gefen kan da ɗan yatsa, ya ce ƙwan-ƙwan.

"Ku kawo mini ruwan ɗumi. Yau sai na ga abin da ka cikin ƙwaryar ga."

Aka miƙo buta. Ta tsiyaya ta gefe-gefe, farin ruwa mai kauri ya gangaro masa ta hanci. Ta murɗa, ta ja. Ɓarat! Hula ta fita, suma ta tsaya a tsaye da siffar hula, har da zanen ɗinkin a jikinta.

Hajiya ta juya hular ta leƙa ciki. Dariyarta ta ɗauke. Ta matsa bakin ƙofa wurin haske. Ta tsinko wani abu. Ƙas! Ta sake. Ƙas! Sannan ta sa farce ta ɗago wani jan zare da aka ɗinka a cikin bakin hular.

"Attahiru. Wagga ba hularka ta ba? Ga zarena. Tun kana yaro nika sa ma hulunanka don kar a musanya maka masallaci."

Alhaji ya karɓa ya duba. "Tun ɗazu nika kallon ta, ina ce ma raina yaron ga ya iya zaɓen hula."

A hankali Alhaji ya cire wadda ke kansa, wadda aka karɓo daga rumfar Zulkifilu shekaranjiya, ya leƙa cikinta. Ƙaninsa ya cire tasa. Wani maƙwabci ya cire tasa. Liman ya ɗan jinkirta, sannan shi ma ya cire.

"Sati ukku," in ji maƙwabcin, "ina zargin yarana. Har makarantar allo na tai na yi hwaɗa."

"Ni mai kitso nib ɓata da ita, shekara ashirin muna tare," in ji Hajiya. "Kai, ango. Hulunan mutane kaka sawa?"

"Gwa... gwaji na, Hajiya. Don a tabbatar da inganci."

"An tabbatar. Ina maganin?"

Bashar ya tura gorar da ƙafa, yana matsawa wajen ƙofa. Hajiya ta kwance ƙyallen, ta sansana, ta lakato ta murza.

"Sitati na. So kake ka kafe mu dut gida kamar hula? Wasila! Kina ji? Ga injiniyanki!"

Zulkifilu ya so ƙasa ta tsage. Ya tuna rantsuwar Hajiya, ya dubi ƙofar zauren kamar mai ban kwana.

Hajiya ta aika a kira Ja'afar wanzami. Aka kife turmi a ƙofar gida, a bainar jama'a, aka zaunar da Injiniya. Ja'afar ya kai aska ta zame, ya sake kaiwa ta ce ƙyar.

"Hajiya, wanga sai dai a kira kafinta."

Sai da aka jiƙa kan da buta uku. Alhaji da kansa ya riƙe masa ƙeya. Suma ta shekara biyu ta riƙa faɗowa ɓangare-ɓangare kamar fasasshen tulu, aka share aka kai wuta. Da aka gama da shi Alhaji ya zauna, sai ƙannensa, sai maƙwabta, sai Bashar da aka kamo a bakin lungu. Liman ya ce shi dama lokacin askinsa ya yi.

Alhaji ya shafa sabon kansa, iska ta ratsa shi, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya irin ta wanda ya yi mako uku bai huta ba. Wataƙila wannan iskar ce ta ceci Zulkifilu.

"Inna ta yi rantsuwa," ya ce, "kuma ba a ta da ita. Ba ka ƙara taka zauren ga da ƙwarƙwata, ba ka ƙara taka shi da hular wani. Haka ne, Inna?"

"Ba haka nic ce ba, amma ci gaba in ji."

"Za ka bi gida-gida ka tattara dut hular da ta biyo ta hannunka. Ka zuba musu tafasasshen ruwa, ka shanya, ka maido ma kowa tashi cikin leda. Ka tai ka ba mai kitso haƙuri. Bayan sati biyu Inna za ta duba kan kowa gidan ga. In ba ta samu komi ba, ka turo manyanka. In ta samu ko ƙwai guda, ka san sauran. Ranar kuma ka zo da hularka ta kanka. Kana da ita?"

Zulkifilu ya sunkuyar da kai.

"Za ni saya, Baba."

Jama'a suka kwashe da dariyar da sai da kajin maƙwabta suka watse.

Yana tsugune gefen zaure yana cusa huluna a buhu, sai ya ji motsi a bayan labule. Ya san takun. Ya rufe kai da hannu biyu.

"Wasila, kar ki duba. Suma ta tahi."

Labulen ya ɗan matsa. Ido ɗaya ya leƙo, ya daɗe yana kallo.

"Sauke hannun. Ashe kana da kunnuwa." Ta ƙara buɗa labulen kaɗan. "Shekara guda ina zance da suma, yau na ga mai ita. Ba laihi."

"Ba ki yi hushi ba?"

"Na yi. Kitsona biyu ka ci. Kuma hular Baba mai ruwan ƙasa, sau ukku kana zo mini zance da ita."

"Kin gane? Mi ya hana ki hwaɗi?"

"Ta yi maka kyau." Labulen ya koma ya rufe, muryar ta ƙara yin ƙasa. "Kai dai ka tafasa ruwanka da kyau. Kawunan cikin gida ka bar mini. Da hannuna zan taje kowa safe da marece, har ita Hajiyar. In ta samu ko guda ran nan, ba sunana Wasila ba."

Mai babur ya ƙi ɗaukar mutum biyu da buhu, don haka a ƙasa suka kamo hanyar Ƙofar Rini, kawuna biyu suna walƙiya. Zulkifilu ya ɗora buhun a ka. Ba su yi nisa ba kafaɗunsa suka fara dawowa inda suka saba.

"Bashar, ka dai gani da idonka. Na ce zan kawo magani gidan ga ran Asabar, ko ban ce ba? Mutum tara anka aske yau sanadina. Kuma ka hwaɗa mini, dut Sakkwato wane saurayi na surukinai ya taɓa riƙe ma kai da hannu biyu tun ran gaisuwa?"

Bashar ya shafa ƙoƙon kansa, ya dubi buhun, ya dubi mai buhun.

"Babu, Injiniya. Yi sauri dai, mai kitso na jiran ka, kuma an ce ta hi Hajiya hannu."